Akwati na Huɗu a Kan Tankin Mama

Ni 'yar Tudun Wada ce, kuma gyaran rediyo a shagon mahaifina na koya, a kan wani benci da ƙafarsa ɗaya ta gaza har sai an tokare ta da bulo. Ina aji biyu na sakandare soja suka koma bariki aka yi zaɓe. Daga baya na yi karatun lantarki, na yi aure, na haifi 'ya'ya biyu, amma ban rabu da dalma da waya ba. A shekarar da abin nan ya faru ina aiki da wasu mutum biyu, muna zana taswirar filaye da unguwanni ga duk wanda ya kira mu.

Babbanmu wani dattijo ne ɗan Filato mazaunin Barnawa, wanda ya yi ritaya daga aikin safiyo. Baba muke ce masa. Ta biyu 'yar Binuwai ce, sa'ata, ita ke sarrafa ɗan jirgin nan mara matuƙi da ke ɗauko mana hotuna daga sama. Tun ranar farko Baba ya laƙaba mata Direba, ni kuma Injiniya, sunayen suka bi mu. Nawa aikin shi ne in tabbata jirgin yana jin Direba, Direba tana jin Baba, ni kuma ina jin kowa.

Ƙungiyar mazauna wata unguwa ce a gangaren bayan Kamazou ta zo wurin Baba. Damina biyu a jere ruwa yana shiga gidajen da ba su taɓa sanin ambaliya ba. Wasu suka ce shara ce ta toshe rafin da ya ratsa bayansu, wasu suka ce ruwan sama ne ya ƙaru. Sun kai kuka sau uku, kullum ana ce musu su kawo hujja. Suna son taswira da za ta nuna inda ruwan ke bi da inda yake tsayawa.

Wurin kwari ne. Kana gangarawa sabis ɗin waya zai ɗauke, sai ka hau tudu ka ɗaga hannu kafin saƙo ya fita. Rafin kuma ya yi kwana biyu masu kaifi, ga mangwaro da gora sun rufe gaɓarsa. Da zarar jirgin ya sha kwanar farko hoto zai yanke a hannun Direba, Baba kuma da ke bin ƙasa da sandar awo ba mai jin sa. Wannan ne ya sa na zo da akwatunana.

Akwatunan roba ne guda shida, kowanne bai fi kular abincin ɗan makaranta girma ba. A cikin kowanne akwai ƙaramin rediyo da batir, a kansa ɗan farantin sola da eriya mai tsawon tafin hannu biyu. Babu shugaba a cikinsu. Kowanne yana sauraren wanda ke kusa da shi, ya karɓi saƙo ya miƙa gaba, har ya isa inda aka aike shi. Idan ɗaya ya mutu, sauran su nemi wata hanya da kansu ba tare da an taɓa su ba. A tsakaninmu raga muke ce wa tsarin. Ba ni na ƙirƙiro shi ba. Kayan ciki na saya na harhaɗa, na ɓata damina guda ina gwaji a kan rufin gidanmu, mijina yana riƙe mini tsani yana tambaya ko ba aikin da ake yi a zaune.

Abin da akwatunan ke so kawai shi ne tudu, su riƙa hangen juna. Na ɗaya yana tare da mu a bakin titi inda muke ajiye mota. Na biyu da na uku na ɗaure su a kan mangwaro. Na biyar ya hau rufin wata makarantar firamare, na shida yana cikin jakar Baba. Na huɗu shi ne ya fi muhimmanci, domin daidai kwana ta biyu ya kamata ya zauna, kuma a wurin abu ɗaya ne mai tsawo: tankin ruwan wata tsohuwa.

Duk unguwar Mama suke ce mata. Ta yi shekaru tana aiki a masaƙa a Kakuri kafin a rufe, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse neman abinci, ita kaɗai ce a gidan da kajinta. Ta nuna mini layin da ruwa ya bari a jikin bangon ɗakinta, ya kai ƙugu. Na yi mata bayanin akwatin, ta juya shi a hannu, ta kara shi a kunne.

Ta ce, "Yana ɗaukar maganar mutane?"

Na ce, "A'a, Mama. Ba ya ji, ba ya gani. Saƙo yake karɓa ya miƙa."

"To ke za ki hau, ko akwai namiji?"

Na ce ni ce. Na ɗaure hijabina a ƙugu, dama da wando a ƙasa, na kama ƙarfen. Ta tsaya a gindin tankin ta riƙe tsanin da hannu biyu tana ta faɗa mini in taka a hankali, matakala ta biyar ta yi tsatsa. Maƙwabta suka fito kallo. Da na sauko ta ba ni ruwa a kofin silba, ta ce daga yau tankin nawa ne.

Ranar farko komai ya tafi daidai. Jirgin ya bi rafin tun daga gada har bayan kwana ta biyu, hoto bai yanke ba. Da la'asar muka zauna a shagon wani mai ɗab'i a Barnawa muka jera hotunan a kwamfuta. Baba ya sa tabarau ya daɗe yana kallon wuri ɗaya. Sannan ya fito da wata tsohuwar taswira daga jakarsa, wadda shi da kansa ya zana yana saurayi, ya shimfiɗa ta a gefe.

A tsohuwar taswirar, rafin yana rabuwa biyu bayan kwana ta biyu, ƙaramin reshe ya zagaya ta wata fadama kafin ya sake haɗuwa da uwar. A hotonmu babu reshen, babu fadamar. Jar ƙasa ce a shimfiɗe, an zuba ta da tifa an daddale, an kewaye da doguwar katangar bulo wadda ta tare bakin reshen gaba ɗaya. Daga ƙasa ba a gani, gora ta rufe. Duk ruwan da a da yake bazuwa cikin fadama yanzu gidajen mutane yake komawa.

Baba ya cire tabarau ya ce, "Filin Honarabul ne."

Tsohon kansila ne, ya yi zango biyu, kuma har lokacin ba a yin taron siyasa a yankin ba da shi ba. Gidansa bene ne a kan tudu, ba nisa da katangar. Direba ta tambaya ko za mu ci gaba. Baba ya ce an ɗauke mu mu auna ruwa ne, kuma ba mu gama ba. Saura mu ɗauki tsayin ƙasar a ɓangarorin katangar biyu, don kada a ce hoto kawai muka kawo.

Kashegari da hantsi jirgin yana can bayan kwana ta biyu, ni ina zaune a bayan mota da kwamfuta a cinya, ina kallon akwatuna shida kamar ɗigon kore shida da layuka a tsakaninsu. Sai na huɗu ya koma ja. Direba ta ce, "Injiniya, hoto ya tsaya."

Na ce ta riƙe shi a inda yake, kada ta taɓa komai. Na san idan jirgin ya daɗe bai ji ta ba, zai juyo gida da kansa, kuma hanyar da zai biyo akwai wayoyin lantarki. Na zuba wa allon ido. Layin da ke tsakanin na uku da na huɗu ya ɓace. Can sai wani siririn layi ya fito daga na uku ya tsallaka kai tsaye zuwa na biyar a rufin makaranta. Nisan ya yi yawa, hoton ya dawo yana tsinkewa, amma ya dawo.

Oba-obar da ke wuyana, rediyon hannun da muke magana da juna da shi, ta yi ƙara, muryar Baba ta fito. Ya ce daga inda yake yana hango mutum biyu a kan tankin Mama, kuma ba su yi kama da masu gyaran famfo ba.

Direba ta dube ni. "In sauko da shi?"

Na ce, "Saura layi nawa jirgin ya bi kafin ya gama?"

"Uku."

Na ce, "Gama su. Ki ɗan ƙara sama yadda na biyar zai gan shi sosai."

Ta gama ukun, ta dawo da jirgin ta kan titi ta sauke shi. Sai da ta rufe shi a jaka ta sa a ƙarƙashin kujera sannan na tsayar da keke na ce ya kai ni gidan Mama.

Na same ta a tsakar gida, kallabinta a hannu, tana huci. Ta ce samari biyu ne suka turo ƙofa ba sallama. Ta hana su tsani, ta zauna a kansa, suka hau ta jikin ƙarfen. Ta san ɗayansu, a gidan Honarabul yake wanke motoci. Sun yanke igiyar da na ɗaure akwatin, sun tafi da shi. Ba a jima ba Baba ya iso, wandonsa duk taɓo. Ya ji bayani, ya ce tunda mun samu awon da muke nema yau, mu bar akwatin, gobe ya rubuta takardar ƙorafi.

Na ce, "Baba, ni yau zan karɓo shi."

"'Yata, mutanen nan ba a shiga gidansu da zafi."

"Ba da zafi zan shiga ba. Da sallama zan shiga."

Akwai abin da ban gaya masa ba a lokacin. Ina 'yar shekara tara, zamanin soja, wata ƙungiyar direbobi ta kawo wa mahaifina oba-oba biyu ya gyara. Wata rana da azahar motar soja ta tsaya a ƙofar shagon, mutum biyu suka shigo suka ɗauke su daga kan benci, ba tambaya ba takarda. Mahaifina ya miƙe tsaye, hannuwansa a baya, ya ce, "To, ranka ya daɗe." Ina gefe da tiren kusoshi a hannu. Har ya rasu bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban taɓa ba. Ban ga laifinsa ba, bindiga ce a kafaɗarsu. Amma Honarabul ba bindiga ce ta kai shi kujera ba, layi mutane suka yi cikin rana suka dangwala masa, kuma ban ga dalilin da zan miƙe in sa hannu a baya ba.

Mama ta ɗaura kallabinta, ta canza takalmi. Ta ce tankinta aka hau, ƙofarta aka tura, don haka da ita za a je. Baba ya ga ba zai hana mu ba, ya ba ni fayil ɗin takardunmu, ya ce shi zai koma wurin Direba da jirgin, in bar oba-obata a kunne.

Mai gadi ya bar mu a tsaye a rana kusan rabin awa kafin a ce mu shigo. Honarabul yana zaune a barandar bene da baƙi uku, suna shan lemo. Mutum ne mai fara'a, da murya a ƙasa-ƙasa. Akwatina yana kan teburin gabansa tsakanin kwalabe, ƙaramar fitilarsa tana ƙiftawa kore. Samarin sun yanke igiya amma ba su san inda makunnin yake ba.

Na gaishe shi yadda ya kamata, ya amsa. Bai ce mu zauna ba. Mama ta jawo kujera ta zauna.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kayan aikina na zo karɓa."

Ya ce, "Naki ne wannan? Malama, kin san halin da ake ciki na tsaro? Mutane su zo daga wani wuri su kakkafa na'urori a kan gidaje, jirgi yana shawagi a kan iyalina. Ni alheri na yi miki da ban kira hukuma ba."

Na buɗe fayil ɗin na ajiye a gabansa: izinin tashin jirgin, izinin rediyon, wasiƙar ƙungiyar unguwa, da takardar da mai unguwa ya sa wa hannu. Baba ya yi watanni yana zarya kafin su fito. Na ce jirginmu rafi ya bi, bai ratsa ta kan gidansa ba, kuma hanyar da ya bi a rubuce take a cikinsa, duk mai so zai iya dubawa. Bai taɓa takardun ba.

Ya ce, "Daga ina kike?"

"Tudun Wada."

Ya juya ga baƙinsa ya yi murmushi. "Kun ji. Daga Tudun Wada aka zo auna mana unguwa." Sannan ya dubi Mama. "Mama, ke da shekarunki, kin san ko su waye kike ba rufin gidanki?"

Na gane inda ya nufa, zancen addini da ƙabila ne, kowa a barandar ya gane. A garin nan ba sai an ƙarasa irin wannan maganar ba.

Mama ta ce, "Na san ta. Ita ta nemi izini kafin ta hau. Yaranka ba su nema ba. Da ruwa ya kai mini ƙugu bara, kana nan sama, ba ka aiko kowa ya tambayi ko su waye a gidana ba."

Ɗaya daga cikin baƙin ya sunkuyar da kai. Daidai lokacin oba-obata ta yi ƙara, muryar Baba ta fito tas kamar yana tsaye a wurin. "Injiniya, na huɗu ya dawo kore a kwamfuta. Kin karɓe shi ne?"

Na danna na ce, "Tukuna, Baba. Yana kan teburin Honarabul. Benen ya fi tankin tsawo, shi ya sa kake ji na sosai."

Fara'ar ta bar fuskarsa. Ya ce wato ana sauraren gidansa ke nan. Na ce a'a, akwatin ba ya ɗaukar maganar kowa, tawa ce kawai ke wucewa idan na danna. Ya ce wannan sai masana sun bincika, zai miƙa shi ga jami'an tsaro.

Na ce, "Na yarda. Mu tafi yanzu tare, ni da kai da Mama da akwatin. In nuna takarduna, kai kuma ka faɗi wanda ya aiki mutane gidan tsohuwa. In motarka ba kusa take ba, keke na jira na a waje."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ɗauki akwatin, ya kama eriyar ya lanƙwasa ta a hankali har ta ɓalle, ya ajiye guntun a kan takarduna, ya turo duka gabana.

Ya ce, "Ki gaishe da mijinki. Ki ce masa ya riƙa sanin inda matarsa take zuwa."

Na ce, "Zai ji. Shi ya sauke ni a bakin titi da safe."

Na tattara kayana, Mama ta miƙe, muka sauko. Sai da muka fita ƙofa ta riƙe hannuna. Muka shiga keken muka koma.

Da yamma na buɗe akwatin a gida. Rediyon bai ji ciwo ba. Na yanko wayar jan ƙarfe daidai tsawon tsohuwar eriyar, na liƙa da dalma, na naɗe da tef. Ba ta kai ta asali ba, amma da safe da na sake hawa tankin, na uku da na biyar duk suka gan ta. Wannan karon da sarƙa na ɗaure shi, Mama ta kawo kwaɗon ɗakin kajinta ta kulle, ta sa mabuɗin a bakin zaninta. Muka yi sauran kwana biyu muna awo ba wanda ya tare mu.

An yi taron unguwa a makarantar firamaren. Baba ya manna tsohuwar taswira da sabuwa a kan allo, ya tsaya da sanda yana nunawa. Bai ambaci sunan kowa ba, ba sai ya ambata ba. Wani tsoho ya tashi ya ce yana tuna lokacin da yake kama tarwaɗa a fadamar. Honarabul bai zo ba, ya turo wakili wanda ya ce filin da takardunsa. Ƙungiyar ta kai taswirar inda aka ce su kawo hujja.

Ba a rushe katangar ba. Bayan mako uku ni aka kira wani ofis, na yini a kan benci kafin a yi mini tambayoyi a kan inda na samu rediyon da wanda ya koya mini, aka duba takardu aka sallame ni. Wani aikin da aka yi mana alkawari a wata unguwa ya sulale ba bayani. Damina ta sake zagayowa takardar unguwar tana wani tebur, ruwa ya sake shiga, katangar bayan gidan Mama ta faɗi, kajinta da yawa suka tafi. Sai bayan wannan, da mutanen suka ɗauki kwafin taswirar suka riƙa zuwa ofishin duk Litinin ba fashi, aka zo aka fasa ƙasan katangar aka sa kwalbati mai baki biyu. Baba ya auna ya ce huɗu ya kamata. Duk da haka daminar da ta biyo baya, ruwan a dokin ƙofa ya tsaya.

Ƙungiyar ta roƙi in bar musu akwatuna uku da oba-oba duk damina, don na sama su riƙa gaya wa na ƙasa idan rafin ya fara cika. Na bar musu, na koya wa mutum huɗu yadda ake duba batir da goge farantin sola. Mama ta fi kowa saurin koyo, sai dai ba ta sakin madannin idan ta gama magana, sai an ji ta tana faɗa da kaji.

Bayan sallar layya wasu mutane daga wata unguwa a hanyar Kachia suka zo wurin Baba da irin wannan kukan. Ina zaune ina harhaɗa sababbin akwatuna mijina ya shigo, ya tsaya yana kallon wayoyin da suka cika tabarma. Ya tambaya ko can ma akwai wani babban mutum mai katanga. Na ce ban sani ba tukuna, sai jirgi ya tashi. Ya ce to wannan karon in yi eriya biyu-biyu, ya zauna ya fara yanka mini wayar.